Tambayoyinku da Amsoshinsu: Idan Hukumar Gidan Yari Ta Ce Fursuna Mai Haɗari Ne, Wa Zai Duba Maganarta?

Wasiƙu huɗu muka ɗauko a wannan fitowa, kuma dukansu sun taru ne a kan abu guda: matakin tsaron da hukumar gidan yari take ajiye fursuna a kai bayan alƙali ya gama nasa aikin, da kuma inda za a kai kuka idan an ga ba a yi daidai ba. Ta farko ce ta fi cin wuri, domin a cikinta akwai mutumin da shekarunsa suke tafiya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana yana ɗaure a Ingila, ɗaurin rai-da-rai, kuma alƙali ya ce sai ya yi aƙalla shekara 14 kafin a duba yiwuwar sakinsa. Yanzu ya shiga ta 12, amma har yau yana rukunin A, matakin tsaro mafi tsanani, inda aka sa shi tun farko. Gandurobobin da suke tare da shi sun rubuta cewa ba shi da fitina, amma duk shekara amsa ɗaya ake ba shi, wai bai nuna haɗarinsa ya ragu ba. An ce sai ya yi wani kwas na gyaran hali, kwas ɗin kuma ba a samunsa a inda yake. Mahaifiyarmu ta tsufa. Shin ana iya kai irin wannan magana kotu?
Daga wata mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya kawo wa yayanki mafita, Ya ƙara wa mahaifiyarku haƙuri. Ana kai irin wannan magana kotu, kuma an sha kaiwa an yi nasara, sai dai ina so tun daga farko ki san irin nasarar da ake samu, don kada ku sa rai da abin da kotu ba ta saba bayarwa ba. Alƙali ba zai ɗauki biro ya mayar da yayanki rukunin B da hannunsa ba. Abin da zai bincika shi ne hanyar da aka bi aka kai ga shawarar: ko an nuna wa fursunan abin da aka rubuta a kansa, ko an ba shi damar ya amsa, ko an auna amsar tasa, ko kuma dalilin da aka bayar yana da tushe a cikin hujjojin da ke gaban masu shawarar. Idan ya ga an kauce, sai ya soke shawarar ya umarci hukuma ta sake zama.

Wannan tsari na rukuni huɗu, daga A zuwa D, ya samo asali ne daga 1966, shekarar da George Blake, wanda aka ɗaure shekara 42 saboda yi wa Tarayyar Sobiyet leƙen asiri, ya haura katangar gidan yarin Wormwood Scrubs da ke Landan ya tsere. Gwamnati ta sa Lord Mountbatten ya binciki tsaron gidajen yari, shi kuma ya ba da shawarar a riƙa kasa fursunoni gwargwadon haɗarin da ke cikin tserewarsu. Rukunin A na waɗanda tserewarsu za ta zama babban haɗari ne ga jama'a ko 'yan sanda ko tsaron ƙasa, shi kuwa D buɗaɗɗen gidan yari ne, inda har akan bar wasu fursunoni su fita aiki da rana su dawo.

Na kawo tarihin ne saboda a cikinsa amsar abin da ya fi ɗaure miki kai take. Kin ce gandurobobi sun yaba halinsa amma ba a saukar da shi ba. Tambayar da ƙa'ida ta ɗora wa masu bita ita ce: da a ce yau ya sami kansa a waje ta hanyar tserewa, yaya girman ɓarnar da zai iya yi? Hujja mai gamsarwa suke nema cewa wannan haɗari ya ragu ƙwarai, kuma kyakkyawan hali a bayan ƙofar ƙarfe hujja ce mai rauni a wurinsu, domin sukan ce ai tsaron ne ya hana shi motsi. Saboda haka takardar da ta ce ba ya faɗa kuma yana bin doka ba za ta ɗauke shi daga inda yake ba ita kaɗai. Abin da yake da nauyi shi ne rahoton masanin halayyar ɗan Adam wanda ya zauna da shi, ya gano abin da ya kai shi ga laifin, sannan ya nuna abin da ya sauya a tunaninsa da yadda aka san ya sauya. Lauyansa yana iya neman rahoton masani mai zaman kansa, idan na hukuma bai yi masa adalci ba.

Haƙƙin ganin abin da aka rubuta a kansa ma a kotu aka same shi. A shari'ar Duggan, wadda aka yanke a 1993, Babbar Kotu ta lura cewa mai ɗaurin rai-da-rai da ke rukunin A kusan ba a taɓa sakinsa kai tsaye daga can, wato shawarar da wasu jami'ai suka yanke a ofis ita ce take ƙayyade ranar fitarsa, don haka dole ne a gaya masa tsokar rahotannin da aka dogara da su, a kuma faɗa masa dalili. Bayan shekara goma, a shari'ar Lord ta 2003, kotu ta ce dokar kare bayanan mutum ta ba shi damar ganin rahotannin su kansu, in ban da abin da ake da dalili na musamman na ɓoyewa. Wannan shi ya sa kowace shekara ake miƙa wa yayanki tulin takardu kafin bita. Ku tabbata yana adana su duka, tun daga na farko.

Maganar kwas ɗin da kika yi kuwa, wannan shi ne gaba kura baya sayaki: ba za a saukar da shi ba sai ya yi kwas, kwas kuma ba ya samuwa a inda yake. Kotuna sun san wannan tarko, kuma yana daga cikin abubuwan da sukan sa a nemi zama ido da ido maimakon bitar takarda kawai. Tun a shari'ar Williams ta 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta amince cewa akwai lokacin da adalci yake bukatar a kira fursuna a saurare shi. A 2013, a shari'ar Osborn, Kotun Ƙoli ta faɗaɗa wannan ƙofa sosai ga hukumar da ke sakin fursunoni bisa sharaɗi, har lauyoyi suka ɗauka cewa masu bitar rukunin A ma abin ya shafe su. Sai ga shari'ar Hassett a 2017, inda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce su waɗannan jami'an gudanarwa ne da ke kula da tsaron gidan yari, aikinsu ya bambanta da na waccan hukuma, don haka zaman ido da ido zai ci gaba da zama abin da ba kasafai ake yi ba. A ganina wannan hukunci ya yi tsauri, domin mutumin da ya yi shekara goma sha wani abu ana auna shi a takarda, ba tare da masu auna shi sun taɓa jin muryarsa ba, yana da haƙƙin a ce masa ya zo ya faɗi nasa, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Amma doka ke nan a yanzu, kuma da ita za ku yi aiki. Abubuwan da ke ƙarfafa buƙatar zaman su ne saɓani na gaske tsakanin masana, ko jayayya a kan wani muhimmin abu da ake cewa ya faru, ko daɗewa a rukunin, ko irin cijewar da kika bayyana. Biyu daga ciki sun riga sun bayyana a wasiƙarki, kuma idan ya cika shekara 14 yana nan, hujjar za ta ƙara nauyi.

Game da kuɗin lauya, a 2013 gwamnati ta janye tallafi daga yawancin shari'o'in cikin gidan yari, amma a 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a ƙarar da ƙungiyar Howard League da wata ƙungiyar ba fursunoni shawara suka shigar, ta ce janye shi daga bitar rukunin A ya saɓa wa doka, aka kuma dawo da shi a 2018. Don haka yayanki ya nemi lauyan da ya ƙware a dokar gidan yari, ya tambaye shi ko ya cancanci tallafin. Shi ne mai ƙara, ku masu taimako ne, kuma lauya ba zai tattauna sirrinsa da ku ba sai ya ba da izini a rubuce.

Abu na ƙarshe, kuma wanda ya fi sa mutane asara, shi ne lokaci. Akwai hanyar koke ta cikin gida, akwai kuma jami'in sauraron koke-koken fursunoni mai zaman kansa, wanda shawara yake bayarwa ba umarni ba. Kotu tana son ta ga an gwada waɗannan inda suka dace, amma ƙarar neman kotu ta yi bitar shawarar hukuma dole ne a shigar da ita cikin gaggawa, kuma kada ta wuce wata uku daga ranar shawarar. Iyalai da yawa sukan zauna jiran amsar koke har wa'adin ya shuɗe. Ranar da takardar bita ta gaba ta iso hannunsa, a ranar ya kamata ta kama hanyar zuwa wurin lauya.

Tambaya: Ni ɗalibin shari'a ne. Abin da ban gane ba shi ne, mutumin da kotu ta riga ta ƙwace wa 'yanci, wane 'yanci ne ya rage masa da har zai ce an tauye don an sauya masa ɗaki ko gidan yari?
Daga wani ɗalibi

Amsa: Malam, tambayar da ka yi ita ce ainihin inda manyan kotunan duniya suka rabu, kuma zai yi maka amfani ka jera Amurka da Kanada gefe da gefe.

Kotun Ƙolin Amurka ta ɗauki ra'ayi kusa da naka. A shari'ar Meachum da Fano ta 1976 ta ce hukuncin ɗauri ya riga ya ba jiha ikon ajiye mutum a kowane gidan yarinta, ko da wanda aka mayar da shi ya fi na farko tsanani, kuma tsarin mulki bai wajabta a saurare shi kafin a yi hakan ba. A shari'ar Sandin da Conner ta 1995 ta kafa ma'auni cewa sai wahalar ta kasance babba kuma ta fita daga abin da aka saba gani a zaman kurkuku kafin a yi maganar haƙƙi. Ƙofar ta ɗan buɗe ne a 2005, a shari'ar Wilkinson da Austin, wadda ta shafi gidan yari mafi tsananin tsaro na jihar Ohayo, inda fursuna yake awa 23 a rana shi kaɗai a ɗaki, ba a ƙayyade masa ranar fita daga wannan hali ba, kuma zamansa a can yana hana a duba sakinsa bisa sharaɗi. Kotu ta ce wannan kam ya kai, amma ta gamsu da cewa sanarwa da taƙaitaccen dalili da damar mayar da martani sun wadatar. Ka ƙara da dokar 1996 da ta hana fursuna zuwa kotun tarayya sai ya bi duk matakan koke na cikin gida, za ka ga yadda hanyar take da ƙunci.

Kanada ta bi wata hanya dabam. Tun a 1985 Kotun Ƙolinta ta ce akwai kurkuku a cikin kurkuku, kuma akwai ragowar 'yanci da fursuna yake riƙe da shi, wanda ba a karɓe shi sai bisa doka. Daga nan ta ba shi damar amfani da tsohuwar ƙarar nan ta neman a kawo wanda ake tsare da shi gaban alƙali, ƙarar da take da sauri, kuma da zarar ya nuna an ƙara masa ƙunci kuma akwai abin tambaya, nauyin kafa hujja yakan koma kan hukuma. A 2025, a shari'ar Dorsey, kotun ta ce ko ƙin saukar da fursuna zuwa mataki mai sauƙi ma ana iya kawo shi ta wannan hanya.

Ni ra'ayin Kanada ya fi kwanta mini a rai. Alƙali shekaru ya yanke, bai yanke cewa a yi su cikin kaɗaici ko cikin jama'a ba, kuma bai yanke cewa a ƙara wasu a kai ba. Idan shawarar jami'i za ta iya yin waɗannan duka, to ta yi girman da ya kamata wani ya duba ta.

Tambaya: Na yi shekara 26 ina aikin gandiroba kafin in yi ritaya. Ku masu rubutu kuna ta cewa a nuna wa fursuna hujja. Yawancin abin da muke sani a ciki daga bakin wasu fursunoni yake fitowa. Idan muka nuna, ai mun sa wuƙa a wuyan wanda ya tsegunta mana. Kun taɓa tunanin wannan?
Daga wani tsohon gandiroba

Amsa: Ranka ya daɗe, maganarka gaskiya ce, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babu kotun da na sani da ta ce a faɗi sunan mai tsegumi. Abin da ake jayayya a kai shi ne abin da ya rage bayan an ɓoye sunan.

Shari'ar Khela ta 2014 a Kanada ta yi daidai da abin da ka kawo. An daɓa wa wani fursuna wuƙa, bayanan sirri daga majiyoyin da ba a bayyana ba suka ce wani fursuna mai suna Khela ne ya kitsa, sai aka ɗauke shi daga gidan yari mai matsakaicin tsaro zuwa mai tsananin tsaro. Dokar ƙasar ta 1992 ta yarda a ɓoye bayani idan bayyana shi zai jefa wani cikin haɗari, ko ya taɓa tsaron gidan yarin, ko ya ɓata bincike, amma gwargwadon larura kawai. Kotun Ƙoli ta ga cewa ba a ba shi isasshen bayani kan abin da majiyoyin suka faɗa ba, ba a gaya masa dalilin da ya sa aka gaskata su ba, kuma hukuma ba ta yi wa kotu bayanin dalilin ɓoyewar ba, sai ta ce sauyin ya saɓa wa doka. Ta kuma nuna mafita: a rubuta bayanin sirrin da dalilin ɓoye shi a takardar rantsuwa, a rufe, a miƙa wa alƙali shi kaɗai ya karanta. Mai tsegumi ya tsira, kuma an sami ido na biyu.

Ka fi ni sanin dalilin da ya sa ake bukatar idon nan na biyu. A cikin masu kawo labari akwai mai gaskiya, akwai kuma wanda ake bi bashi, da mai son a kawar masa da abokin gaba, da mai neman fada a wurin ma'aikata. Gandiroba mai gogewa yakan bambance su, amma takardar da ya rubuta tana iya bin fursuna shekara ashirin, ta kai hannun waɗanda ba su san wanda ya faɗa ba.

Akwai kuma abin da ake ɓoyewa alhali babu ran da yake karewa. A shari'ar May ta 2005, ita ma a Kanada, an mayar da wasu fursunoni mataki mai tsanani bisa makin da wani ma'auni na kwamfuta ya ba su, aka ƙi nuna musu yadda ake lissafa makin, kotu kuwa ta ce mutum ba zai iya kare kansa daga lissafin da bai gani ba. A shari'ar Ewert ta 2018 Kotun Ƙolin Kanada ta ƙara da cewa hukuma ta gaza a aikinta da ta ci gaba da auna haɗarin fursunoni 'yan ƙabilun asali na ƙasar da ma'aunan da ba ta tabbatar suna ba da sakamako na gaskiya a kansu ba.

Tambaya: Ɗana yana ɗaure a ƙasar da ban taɓa jin an kai irin wannan ƙara ba. Tun ranar da ya shiga aka sa shi a sashen masu haɗari, yau shekara shida, ba a taɓa kiransa an sake dubawa ba. Da me zan kama?
Daga wani uba

Amsa: Baba, Allah Ya sassauta. Akwai ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, waɗanda aka fara tsarawa a 1955, aka sabunta a Disamban 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela. Ba yarjejeniya ba ce da ke ɗaure ƙasa, amma Babban Zauren Majalisar ne ya amince da su, kuma alƙalai da hukumomin kare haƙƙin ɗan Adam suna kafa hujja da su. Ƙa'ida ta 36 ta ce kada a ƙuntata fiye da abin da tsaro da zaman lafiya suke bukata. Ta 56 da ta 57 sun ba fursuna damar kai koke, sun kuma ba lauyansa, ko danginsa idan shi da lauyan ba su da hali, damar kaiwa a madadinsa. Ta 43 da ta 44 sun hana keɓe mutum awa 22 ko fiye a rana har sama da kwana 15 a jere.

Lauyanku yana iya jawo hankalin alƙali da hukunce-hukuncen Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai a matsayin misali. A 2012, a shari'o'in Piechowicz da Horych, ta sami ƙasar Foland da laifi saboda sabunta wa fursunoni lambar "mai haɗari" shekara da shekaru da dalili iri ɗaya, ba tare da duba ko wani abu ya sauya ba. A 2006 kuma, a shari'ar Ramirez Sanchez, wanda aka keɓe fiye da shekara takwas, ta sami Faransa da laifin rashin ba shi hanyar ƙalubalantar tsawaita keɓewar.

Ku fara da takarda ɗaya zuwa ga shugaban gidan yarin, mai ɗauke da kwanan wata da sa hannun ɗanka ko lauyansa, ku ajiye kwafi. A tambaya a ciki wace doka ce aka dogara da ita wajen sa shi a wannan sashe, wa ya yanke shawarar, wane dalili aka rubuta, yaushe aka sake dubawa, kuma me ake so ya yi kafin a fitar da shi. Idan an amsa, amsar ce lauya zai auna da dokar gidajen yari ta ƙasar da kuma tsarin mulkinta. Idan wata ɗaya ya wuce ba a amsa ba, ku sake aikawa, ku haɗa da kwafi zuwa hedikwatar hukumar da kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar, sannan lauya ya ɗauki takardun biyu da shaidar isar da su ya nufi babbar kotu.